Farautar Yara a Dandalin Wasannin Intanet: Yadda Take Faruwa da Abin da Doka Ta Tanadar wa Iyaye

Yawancin wasannin bidiyo da yara ke yi a yau ƙofa biyu gare su, ta wasa da ta hira. Yaron da ya buɗe Roblox ko Fortnite ko Free Fire a waya yana shiga fili ne da ya tara jama'a daga kowace nahiya, kuma a cikin filin ana magana da murya, ana rubuta saƙo, ana ƙulla abota, ana ba juna kyauta. Ta ƙofar hirar ce manya masu neman lalata da ƙananan yara suke shigowa. Ba sa buƙatar sanin gidan yaron ko makarantarsa. Sunan bogi da hoton ɗan tsana sun ishe su zama abokin wasa.

Kamfanin Roblox, wanda David Baszucki da Erik Cassel suka kafa a jihar Kalifoniya ta Amurka, ya fito da dandalinsa a 2006. A tsakiyar 2025 masu shigarsa a kullum sun haura miliyan 100, kuma alƙaluman kamfanin na 2024 sun nuna kusan kashi 40 cikin 100 na masu amfani da shi ba su kai shekara 13 ba. Roblox kasuwa ce ta miliyoyin ƙananan wasanni da masu amfani da dandalin suke ƙirƙira da kansu, tana kuma da kuɗinta mai suna Robux, wanda ake saye da kuɗin gaske. A gefensa akwai Discord, manhajar hira da ta fito a 2015 don masu wasa su riƙa magana da juna. A ƙa'ida sai mai shekara 13 zai buɗe asusu a cikinta, amma shekaru da dama abin da ake tambaya kawai shi ne ranar haihuwa, wadda kowane yaro zai iya ƙirƙira.

Yadda ake hure wa yaro kunne

Masu binciken irin waɗannan laifuka sun daɗe da lura cewa salon kusan iri ɗaya ne. Mutumin yakan fara da zama gwani mai taimako: ya koya wa yaro dabarar cin wasa, ya yaba masa, ya saka shi cikin tawagarsa. Sau da yawa yakan ce shi ma yaro ne, ko kuma ya girme shi da shekara biyu ko uku kawai. Daga nan sai kyauta, wato Robux, ko V-Bucks na Fortnite, ko katin sayen kayan wasa. Kyautar ƙarama ce a wurin babba, amma ga ɗan shekara goma babban abu ce, kuma tana sa shi jin nauyin wanda ya ba shi.

Mataki mafi haɗari shi ne ƙaura. Tunda manyan dandalin wasa suna tace kalmomi kuma ba su cika barin a tura hoto ba, sai mutumin ya nemi a koma Discord ko Snapchat ko WhatsApp ko Telegram, inda ake kiran bidiyo, ake tura hotuna, wani wurin ma saƙo ya goge kansa. A can ne ake fara maganar sirri. Yakan tambayi yaron damuwarsa, ya nuna shi kaɗai ne ya fahimce shi, ya riƙa sukar iyayensa a fakaice har ya raba shi da su. Idan ya sami hoto ɗaya na tsiraici, sai kura ta tuɓe fatar akuya. Lallashi ya koma barazana: ko a ƙaro hotuna, ko a turo kuɗi, ko ya tura wa iyaye da abokai. Wasu kuma burinsu a haɗu ido da ido.

Abin da ke riƙe yaro a wannan tarko shi ne kunya da tsoro. Yana ganin da hannunsa a ciki, yana tsoron duka, yana tsoron a ƙwace wayar. Shi ya sa alamomin sukan fito a hali kafin su fito a baki: juya fuskar waya idan babba ya shigo, kwana ana hira, sababbin kayan wasa masu tsada da ba a san wanda ya biya ba, ambaton wani aboki da ba wanda ya taɓa gani, janyewa daga 'yan'uwa, ko firgita da ƙarar shigowar saƙo. Maza da mata duk ana farautarsu, kuma a barazanar neman kuɗi samari 'yan shekara 14 zuwa 17 ne aka fi kamawa.

Darasin shari'ar Breck Bednar

Shari'ar da ta fi buɗe idon Birtaniya ita ce ta Breck Bednar, ɗan shekara 14 daga yankin Surrey. Shi da abokansa suna wasa a wata ƙungiyar intanet da wani matashi, Lewis Daynes, yake jagoranta. Daynes ya ce musu shi hamshaƙin injiniyan kwamfuta ne mai aiki da gwamnatin Amurka, ya kuma yi wa Breck alkawarin damƙa masa kamfani. Mahaifiyar Breck ta ga ɗanta yana canjawa, ta kira 'yan sandan Surrey a Disamban 2013 ta ce ana hure masa kunne. Ba a ɗauki wani matakin kirki ba. A Fabrairun 2014 Daynes, mai shekara 18 a lokacin, ya yaudari Breck zuwa gidansa a Grays da ke Essex, ya kashe shi. A Janairun 2015 kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai, kuma sai ya yi aƙalla shekara 25 kafin a duba sakinsa.

Binciken da aka yi daga baya ya gano cewa wadda ta amsa kiran ba ta duba rumbun bayanan 'yan sanda na ƙasa ba, alhali akwai tsohon zargin lalata da yaro a kan Daynes a ciki. Iyayen sun kai rundunar ƙara, kuma a 2016 ta ba su haƙuri a fili tare da biyan diyya. Shari'ar ta nuna cewa hukumar da ta yi sakaci bayan an kai mata rahoto ita ma tana iya amsa tuhuma. Gidauniyar Breck, wadda iyalin suka kafa, tana zagaya makarantu da wannan labari har yanzu.

Girman matsalar

Dokar Amurka ta wajabta wa kamfanonin intanet kai rahoton duk abin da suka gano na lalata da yara ga cibiyar NCMEC, mai kula da yaran da suka ɓata ko aka ci zarafinsu, wadda ke da layin karɓar rahoto tun 1998. Roblox ya kai rahoto fiye da 13,000 a 2023, sannan fiye da 24,000 a 2024. Ƙaruwar tana iya nuna yawaitar laifin, tana kuma iya nuna yawan masu shiga dandalin da ingantuwar na'urorin ganowa. A Yulin 2024 mujallar Bloomberg Businessweek ta ruwaito cewa tun daga 2018 an kama aƙalla mutum 24 a Amurka bisa zargin sacewa ko lalata da yaran da suka haɗu da su ta Roblox.

Wasu ƙasashe sun zaɓi rufe ƙofar gaba ɗaya. Turkiyya ta toshe Roblox a Agustan 2024 bisa umarnin kotu, Ƙatar da Kuwaiti suka bi sahu a Agustan 2025. Kamfanin ya musanta cewa yana sakaci, ya kuma yi sauye-sauye. A Nuwamban 2024 ya hana 'yan ƙasa da shekara 13 tura saƙon sirri a wajen wasa, ya ba iyaye damar haɗa asusunsu da na ɗansu don su ga abokansa su kuma ƙayyade lokaci da kuɗin da zai kashe. A Nuwamban 2025 ya sanar cewa duk mai son yin hira sai an ƙiyasta shekarunsa ta hoton fuska, sannan a haɗa shi da sa'o'insa.

Rigakafi a gida

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar farko galibi ita ce shekarun ƙarya. Duk kariyar da dandali ya tanada tana rataye ne a kan ranar haihuwar da aka rubuta. Ɗan shekara tara da aka buɗe wa asusu da shekarun yayansa, ko yake wasa da asusun mahaifinsa, a wurin na'ura babba ne, don haka duk ƙofofi a buɗe suke gare shi. Bayan gyara wannan sai saitin hira: a kashe ta ga ƙanana, ko a taƙaita ta ga abokan da aka sani a zahiri. Xbox da PlayStation da Nintendo duk suna da tsarin kulawar iyaye, wayoyin Android suna da Family Link, na Apple kuma Screen Time. Ta nan ake hana sauke sabuwar manhaja ba da izini ba, abin da ke toshe hanyar ƙaura zuwa wani dandali.

Wurin da ake wasan ma yana da tasiri. Wasa a falo ko tsakar gida, sauti na fita, ya bambanta da wasa a ƙarƙashin bargo da abin sauraro a kunne ƙarfe biyun dare. Amma saiti komai kyansa yaro mai wayo zai iya zagaye shi, a wayar aboki ko a shagon wasa. Ƙwararru kan kare yara sun fi ba da ƙarfi ga abu ɗaya: yaro ya tabbata cewa idan ya kawo ƙara ba shi za a fara hukuntawa ba. Mai barazana jarinsa shirun yaro ne, kuma gidan da ake ƙwace waya da zarar an ji matsala yana koya wa yaro ya ɓoye ta gaba.

Sa'o'in farko bayan an gano

Abin da doka za ta iya yi daga baya ya dogara ne da abin da aka adana a ranar farko. Iyaye da yawa cikin ɓacin rai sukan goge hirar, su rufe asusun, ko su zagi mutumin, shi kuma ya share sawunsa. Shawarar 'yan sanda da ƙungiyoyin kare yara ita ce a daina amsa masa, kada a biya ko sisi domin biya ƙara masa ƙaimi yake yi, kuma kada a goge komai. A ɗauki hoton hirar, a rubuta sunan da yake amfani da shi a kowane dandali, lambar asusunsa, ranaku da lokuta, da shaidar duk wata kyauta ko kuɗin da ya shiga tsakani. Hotunan tsiraicin yaron kuwa ba a kwafe su, ba a tura wa kowa, ko da dangi ne, domin mallakarsu ko yaɗa su laifi ne a kusan kowace ƙasa. Wayar ake miƙa wa masu bincike yadda take.

Sannan a kai rahoto wuri biyu, ga dandalin da kuma ga hukuma. Idan ana tsoron yaɗuwar hoto, NCMEC ta buɗe wata hanya kyauta a 2023 mai suna Take It Down, wadda ake iya amfani da ita daga kowace ƙasa. Hoton ba ya barin wayar. Na'ura ce take fitar masa da wata lamba ta musamman kamar zanen yatsa, dandalin da ke cikin shirin kuma su toshe duk hoton da ya yi daidai da lambar. Yaron da aka yi wa barazana yana buƙatar kada a bar shi shi kaɗai a waɗannan kwanaki, domin an sha samun waɗanda suka kashe kansu cikin sa'o'i kaɗan da fara barazanar.

Hukunta mai laifi

Hanyar shari'a ta farko ta gwamnati ce, iyali masu kai ƙara ne da ba da shaida. A Amurka yaudarar ɗan ƙasa da shekara 18 ta intanet don lalata laifi ne na tarayya, mafi ƙarancin hukuncinsa ɗaurin shekara 10, ko da ba a kai ga haɗuwa ba. A Ingila da Wales, tun Afrilun 2017 aika wa ɗan ƙasa da shekara 16 saƙon batsa kaɗai laifi ne mai ɗaurin har shekara biyu, ban da tsohuwar dokar 2003 da ta haramta haɗuwa da yaro bayan an hure masa kunne. A nahiyar Turai, yarjejeniyar Lanzarote ta 2007 ta wajabta wa ƙasashen da suka sa hannu su mayar da irin wannan yaudara laifi.

Baya ga ɗauri, dokar tarayyar Amurka ta ba wanda aka yi wa irin wannan laifi yana yaro damar neman diyya kai tsaye daga wanda ya cuce shi: ko gwargwadon asarar da aka tabbatar, ko dala 150,000 ƙayyadaddu, tare da kuɗin lauya. Wata doka ta 2022 ta cire wa'adin shigar da wannan ƙara, saboda da yawa ba sa iya magana sai sun girma. Matsalar ita ce mai laifin sau da yawa ba shi da abin biya. Wannan ne ya juya hankalin lauyoyi zuwa ga kamfanoni.

Ƙarar kamfani da katangar Sashe na 230

Yawancin manyan dandalin na Amurka ne, don haka can ake fafatawa. Katangar da ke gaban iyalai ita ce Sashe na 230 na wata dokar sadarwa ta 1996, wanda ya ce ba za a ɗauki dandali a matsayin mawallafin abin da wani ya rubuta a cikinsa ba. Da shi aka kori ƙarar wata uwa a kan shafin sada zumunta na MySpace a 2008, bayan wani ya yi lalata da 'yarta mai shekara 14 da ya sani ta shafin. Shekaru da yawa haka irin waɗannan ƙararraki suke ƙarewa.

Daga baya lauyoyi suka sauya tambayar. Maimakon zargin kamfani da abin da mai laifi ya faɗa, sai suka zarge shi da yadda ya gina dandalin, kamar yadda ake kai ƙarar mai ƙera mota idan birkinta ba shi da kyau. A 2021 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta amince da wannan hujja a ƙarar da aka kai kamfanin Snap kan wani fasalin manhajarsa ta Snapchat. A 2022 wani alƙali a jihar Oregon ya bar ƙarar wata yarinya ta ci gaba a kan Omegle, shafin da a lokacin ke haɗa baƙi hira ta bidiyo, wanda ya haɗa ta da wani magidanci tana da shekara 11. An sasanta a wajen kotu, kuma a Nuwamban 2023 aka rufe Omegle.

A kan wannan turba ƙararrakin da ake yi wa Roblox da Discord suke tafiya. Iyalai suna zargin rashin tantance shekaru, barin manya su yi wa yara magana kai tsaye, da tallata dandalin ga iyaye a matsayin amintacce alhali an san haɗarin. A Disamban 2025 aka tattara gomman irin waɗannan ƙararraki a gaban kotun tarayya ɗaya a Arewacin Kalifoniya. Kamfanonin sun musanta zargin. Suna kuma dogara da sharuɗɗan da mai buɗe asusu yake amincewa da su, waɗanda suka ce a kai saɓani gaban mai sasantawa a asirce maimakon kotu. Lauyoyin iyalai suna mayar da martani da cewa yaro ba ya ƙulla yarjejeniyar da za ta ɗaure shi, kuma wata dokar 2022 ta hana tilasta sasantawa a shari'o'in cin zarafi ta hanyar lalata. Yawancin lauyoyin Amurka a wannan fanni ba sa karɓar kuɗi sai an ci shari'a, sannan su ɗauki kaso, kuma kotuna suna barin a sakaya sunan yaron.

Matakan gwamnatoci

Gwamnatoci ma sun shiga. A Disamban 2022 kamfanin Epic Games mai Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520 a sasantawarsa da hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC. Dala miliyan 275 daga ciki tara ce ta karya dokar COPPA ta 1998, wadda ta hana tattara bayanan 'yan ƙasa da shekara 13 ba da yardar iyaye ba. Hukumar ta ce barin hirar murya a buɗe tun daga farko ya jefa yara cikin cutarwa, aka kuma umarci kamfanin ya rufe ta ga yara sai an buɗe da gangan. Jihar New Jersey ta kai Discord ƙara a Afrilun 2025, jihohin Louisiana da Kentucky da Texas kuma suka kai Roblox tsakanin Agusta da Nuwamban shekarar. Dokar Take It Down da aka sa wa hannu a Mayun 2025, wadda ta bambanta da hanyar NCMEC mai wannan suna, ta tanadi cewa dandali ya cire hoton tsiraicin da aka yaɗa ba da yarda ba cikin sa'a 48 da samun ƙorafi.

A Birtaniya dokar tsaron intanet ta 2023 ta ba hukumar Ofcom ikon cin tarar fam miliyan 18, ko kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar kamfani a duniya, duk wanda ya fi yawa. Dokar Tarayyar Turai ta ayyukan intanet ta tanadi tarar har kashi 6 cikin 100. Irin wannan tara baitulmali take shiga, ba aljihun iyalai ba, amma ita ce ta fi saurin tilasta sauya ginin dandali.

Najeriya, Nijar da Ghana

Wasannin da ake ƙorafi a kansu a Amurka su ne a wayoyin yara a Kano da Maraɗi da Kumasi, tare da Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty Mobile. Ga iyalin da ke nan, kai ƙarar kamfani a Kalifoniya abu ne mai wuya da tsada, don haka hanyar da ta fi kusa ita ce ta hukunta mai laifi. A Najeriya, Sashe na 23 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya haramta yaudarar ɗan ƙasa da shekara 18 ta kwamfuta ko waya don a haɗu da shi a yi lalata. Hukuncin ya kai ɗaurin shekara 10 da tarar naira miliyan 15, ya kuma hau zuwa shekara 15 da naira miliyan 25 idan akwai tilastawa, barazana, ko cin amana. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron shari'ar. Ana kai rahoto ga cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta rundunar 'yan sanda, ko ga hukumar NAPTIP, wadda ke riƙe da rajistar masu laifin lalata ta ƙasa da aka buɗe a 2019. Akwai kuma dokar haƙƙin yara ta 2003 da dokokin kare yara na jihohi.

Nijar ta yi dokar laifukan intanet a 2019, wadda ta haramta hotunan batsa na yara. Dokar tsaron intanet ta Ghana ta 2020 ta ambaci hure wa yaro kunne da barazanar tona asiri ƙarara, kuma hukumar tsaron intanet ta ƙasar tana karɓar ƙorafi ta lamba 292.

Iyakar ƙasa ba ta hana bincike. NCMEC tana tura rahotannin da kamfanoni suka kai mata ga 'yan sandan ƙasar da abin ya shafa, kuma Najeriya ta shiga yarjejeniyar Budapest kan laifukan intanet a 2022. A 2023 an miƙa wasu 'yan'uwa biyu daga Legas ga Amurka kan barazanar tona asirin da ta yi sanadin mutuwar wani saurayi ɗan shekara 17 a jihar Michigan, aka yanke wa kowannensu ɗaurin shekara 17 da rabi a 2024. Babban cikas a yankin shi ne al'adar rufa asiri, inda iyali ke gwammace a binne magana don gudun abin kunya ko don kada a ɓata wa yarinya aure. Dokokin kare yara sun hana bayyana sunan yaron da shari'a ta shafa, kuma kotu na iya sauraron shaidarsa a asirce. Mutumin da ba a kai rahotonsa ba kuwa asusunsa yana nan a buɗe, kuma galibi ba yaro ɗaya yake yi wa magana ba.